Gidan Wasan Birnin Bordo Da Abin Da Ke Zane A Silin Ɗinsa

 A wannan fitowa za mu ƙetare teku mu leƙa ƙasar Faransa, mu yada zango a wani birni da ake kira Bordo, wanda yake kudu maso yammacin ƙasar, a bakin kogin Garon. A tsakiyar birnin nan akwai wani tsohon gidan wasan kwaikwayo da Faransawa ke ce wa Grand-Théâtre, wato babban gidan wasa. An buɗe shi tun 1780, kuma har gobe ana wasa a cikinsa. Mun san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da gidan rawar Turawa? A yi haƙuri, amsar na nan tafe. Abin da za mu ce tun yanzu shi ne, babban gini ba ya iya riƙe sirri. In aka dube shi da kyau, sai ya faɗi wanda ya gina shi, ya kuma faɗi inda kuɗin suka fito, ko da masu garin ba su so a ji ba.

Garin fatake

Bordo tun asali garin ciniki ne. Kogin Garon yana da faɗi da zurfin da manyan jiragen ruwa kan taso daga Tekun Atalantika su shigo har cikin gari su sauke kaya. Shekara wajen 300, daga 1154 zuwa 1453, garin yana hannun sarakunan Ingila, kuma a wannan zamani ne giyar inabi ta yankin ta yi suna a kasuwannin Ingila. Da Faransa ta ƙwace garin a 1453, Sarki Charles na Bakwai bai amince da mutanensa ba, sai ya sa aka gina wani ƙaton sansanin soja a bakin kogi, mai suna Château Trompette, domin a sa wa garin ido.

Amma arzikin da ya sa Bordo ta zama abin kwatance a ƙarni na 18 ya zo. A lokacin Faransa tana da yankunan mallaka a tsibiran Karibiyan, mafi girmansu shi ne Saint-Domingue, wato ƙasar Haiti ta yau. Daga can jirage ke kwaso sukari da gahawa da auduga da shuni su sauke a Bordo, daga nan kuma a sake tura su Holan da Jamus da sauran ƙasashen arewacin Turai. Su kuma attajiran Bordo suna aika wa tsibiran garin alkama da giya da tufafi. Kafin juyin juya halin 1789 mutanen garin sun haura 100,000, tashar jiragensa kuwa ita ce kan gaba a duk Faransa. Kuɗi suka zauna. Aka rushe tsofaffin lunguna, aka fitar da manyan tituna, aka jera gidajen dutse masu fuskantar kogi. Abu ɗaya ya rage, garin ba shi da gidan wasan da ya dace da sabon matsayinsa.

Gobara da gwamna

A ƙarshen 1755 gobara ta cinye ɗakin wasan da garin yake da shi kusa da ofishin hukumar gari. Irin wannan gobara ba baƙon abu ba ce a wancan zamani, domin da kyandir da fitilar mai ake haska dandamali, ga labule, ga katako ko ta ina. Aka koma wani ɗaki na wucin gadi, wucin gadin nan kuwa ya ɗauki shekaru fiye da ashirin.

Wanda ya tsaya kai da fata sai an yi sabon gini shi ne gwamnan lardin, Duk na Richelieu, wani tsohon kwamandan soja, ɗan gidan sarauta, wanda ya shahara da son shagali da kashe kuɗi. Shi ne ya nemo wani gwanin tsara gine-gine daga Paris mai suna Victor Louis, wanda aka haifa a 1731, ya kuma yi karatun sana'arsa a birnin Rum. Wannan zaɓi bai yi wa dattawan hukumar gari daɗi ba. A ganinsu, ga magina a gida, don me za a ɗauko baƙo a ɗora musu, alhali kuwa aljihun garin ne zai ji jiki? Wannan ƙiyayya ta bi Louis har ƙarshen aikin.

Shi kansa filin da aka zaɓa yana da labari. A nan ne wani tsohon ginin Romawa mai dogayen ginshiƙai yake tsaye tun zamanin da garin ke amsa sunan Burdigala, ana ce masa Piliers de Tutelle. A 1675 mutanen Bordo suka yi bore a kan sababbin haraji. Sarki Louis na Goma Sha Huɗu ya murƙushe su, sa'an nan ya ba da umarni a share duk gine-ginen da ke kewaye da sansanin soja domin igwa ta sami sarari. Haka aka rushe ginin Romawan nan a 1677, bayan ya yi fiye da shekara dubu yana tsaye. Kun ga ke nan, filin da aka share domin a tsorata mutanen gari, a kansa aka zo aka gina musu wurin nishaɗi bayan shekara ɗari. Sarki ya ba da filin, aka yanka wani sashe fuloti-fuloti aka sayar wa attajirai domin a sami kuɗin aiki.

Shekara bakwai ana gini

An fara aiki a 1773. Ba a yi nisa ba Sarki Louis na Goma Sha Biyar ya mutu a 1774, tauraron Richelieu ya dusashe, sabon ministan kuɗi Turgot kuma ya shigo da manufar tsuke bakin aljihu. Aiki ya yi ta tsayawa yana tashi. Sai da wani sabon wakilin sarki a lardin, Dupré de Saint-Maur, ya zo a 1776 ya mara wa Louis baya, sa'an nan abubuwa suka miƙe. Da aka gama lissafi, ginin ya ci fiye da miliyan biyu na kuɗin Faransa na lokacin da ake kira livre, abin da ya zarce kiyasin farko nesa ba kusa ba.

To, amma fa an ga abin da kuɗin suka yi. Tsawon ginin mita 88 ne, faɗinsa mita 47. A gabansa akwai ginshiƙai 12 irin na tsoffin gine-ginen Girka, a saman kowane ginshiƙi kuma an tsayar da mutum-mutumin mace da aka sassaƙa da dutse. Tara daga cikinsu suna wakiltar fannonin fasaha kamar waƙa da rawa da tarihi, bisa tatsuniyoyin Girkawa, sauran ukun kuwa allolin Romawan dā ne, Juno da Venus da Minerva. Masu sukar Louis sun yi ta cewa rufin dutsen da ke bisa ginshiƙan nan ba zai tsaya ba, musamman a kusurwa inda babu abin da zai tokare shi. Shi kuwa sai ya yanka duwatsun a karkace, ya ɗaure su da sandar ƙarfe da ya ɓoye a ciki ya kafe ta a bango. Wannan dabara ita ake kira ƙusar Louis. Yau fiye da shekara 240 ke nan, rufin na nan daram.

A gefen ginin aka yi rumfuna masu shaguna da wuraren shan gahawa, domin kuɗin haya su taimaka wajen riƙe gidan. Ai ka san bafatake, ko wurin wasa zai gina sai ya bar ƙofar ciniki. Da ka shiga ciki kuma, sai ka tarar da wata ƙasaitacciyar matakala wadda ta miƙe sama, ta kai rabi ta rabu biyu, hagu da dama. An yi ta ne musamman domin masu hali su hau a hankali, a ga suturarsu, su ma su ga ta wasu. Wannan matakala ce Charles Garnier ya ɗauki darasi daga gare ta sa'ad da ya tsara babban gidan opera na Paris da aka buɗe a 1875. Shi kuwa zauren kallon, kusan duk da katako aka yi cikinsa, don murya ta riƙa amsawa kamar yadda ƙoƙon goge ke amsa tsirkiya, aka shafe shi da shuɗi da fari da ruwan zinariya.

Ran 7 ga Afrilu 1780 aka buɗe gidan da wani wasa mai suna Athalie, na shahararren marubucin nan Jean Racine, labarin wata sarauniya da ta ƙwaci mulki da zubar da jini, mulkin kuma ya ƙare mata da zubar da jini. Louis ya koma Paris, inda daga baya ya gina zauren da ƙungiyar wasa ta Comédie-Française ke amfani da shi har yanzu. Ya rasu a 1800.

Budurwar da aka kasa tsarewa

Abin da ya fi fito da sunan gidan a duniya ya faru ran 1 ga Yuli 1789. A ranar ce wani gwanin tsara rawa, Jean Dauberval, ya nuna sabon wasansa na bale, wato irin wasan da ake ba da labari da rawa da kiɗa ba tare da an buɗe baki ba. Sunan da aka san shi da shi yanzu shi ne La Fille mal gardée, ma'ana budurwar da aka kasa tsarewa.

Labarin ba zai zama baƙo a kunnenmu ba. Wata gwauruwa ce mai gona take so ta aurar da 'yarta ga ɗan wani mai kuɗi, yaron kuwa dolo ne. Ita yarinyar wani talakan manomi take so. Uwar ta yi tsaro iya tsaro, har ta kai ga kulle yarinyar a ɗaki, ba ta san saurayin ya riga ya ɓuya a ciki ba. Da aka zo da ango da mai rubuta aure aka buɗe ƙofa, sai ga su su biyu. Dole uwar na ƙi, ta haƙura ta sa albarka.

Abin da ya sa wasan ya zama sabon abu shi ne, kafin lokacin an fi saba ganin sarakuna da alloli da jarumai a irin wannan dandamali. Dauberval sai ya hau da manoma da dammunan hatsi da aikin gona. Mako biyu bayan haka, ran 14 ga Yuli, talakawan Paris suka fasa kurkukun Bastille, juyin juya hali ya kankama. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wannan wasa yana cikin mafi tsufan wasannin bale da har yau ake nunawa a manyan biranen duniya.

A ɗaga kai a dubi sama

Yanzu mun zo kan tambayar da muka ajiye a farko. A silin ɗin zauren kallo akwai wani ƙaton zane da wani mai suna Jean-Baptiste Robin ya yi. An zana birnin Bordo a siffar mace, tana miƙa sabon gidan wasan ga Apollo, wanda Girkawan dā suka ɗauka shi ne uban fasaha. A kusa kuma an jera abubuwan da garin yake taƙama da su a matsayin dukiyarsa: ga giyar inabi, ga cinikin teku, ga kuma bayi baƙar fata. Ba a ɓoye suka sa su ba. A wancan lokaci abin alfahari ne.

Masu bincike sun ƙididdige tafiye-tafiyen jiragen cinikin bayi wajen 500 da suka tashi daga Bordo tsakanin 1672 da 1837, suka kwashi 'yan Afirka tsakanin 130,000 da 150,000. Birnin Nantes ya fi Bordo nisa a wannan mugun ciniki, shi ya sa mutanen Bordo suka daɗe suna cewa su dai fataken sukari ne da giya. To amma wa ya noma sukarin? A 1789 bayin da ke Saint-Domingue sun kai wajen rabin miliyan, ana aiki da su a gonakin rake har su mutu, a sayo wasu. Duk buhun sukarin da aka sauke a bakin Garon, da gumin mutanen nan a jikinsa. Ba za mu ce kowane dutse na gidan wasan da kuɗin bawa aka saye shi ba, amma attajiran da suka sayi fulotan, suka kama kujerun bene, suka sa garin ya isa yin irin wannan gini, daga wannan ciniki na tsibirai yawancinsu suka yi ƙiba.

Ga inda abin ya taɓo mu. Masu gonakin Saint-Domingue sukan rubuta jerin bayinsu kamar yadda ake rubuta kaya, da suna da shekaru da ƙabila da farashi. A takardun ƙarshen ƙarni na 18 ana samun Kongo, da Ibo, da Bambara, da Nago wato Yarbawa, ana kuma samun wata ƙabila da suka rubuta Aoussa. Hausawa ke nan. Ba su kai sauran yawa ba, galibinsu kuma maza ne, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙe da hare-hare ko a hanyar fatauci, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Nufe da ta Oyo, har aka kai su bakin teku a wurare irin su Wida da Porto-Novo da Badagiri da Ikko. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: Bature a bakin teku ya tsaya da jirginsa, waɗanda suka kamo mutanen suka kai masa baƙar fata ne 'yan uwansu. Laifin nan yana da hannuwa da yawa.

A 1791 bayin Saint-Domingue suka tayar da gagarumin bore, wanda ya ƙare da 'yancin Haiti ran 1 ga Janairu 1804. Da wannan, da yaƙe-yaƙen da Ingila ta toshe wa Faransa teku, zamanin zinariyar Bordo ya wuce. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya mayar da ita a 1802, ba a kashe ta gaba ɗaya ba sai 1848.

Ranar da dandamali ya zama majalisa

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1870 Faransa ta shiga yaƙi da Jamusawa ƙarƙashin jagorancin Prusiya, ta kwashi kashinta a hannu. Aka kama Sarki Napoleon na Uku a Sedan ran 2 ga Satumba, aka yi wa Paris ƙawanya, wani ɓangare na gwamnati ya gudo Bordo a watan Disamba. Bayan an tsagaita wuta a ƙarshen Janairun 1871, aka yi zaɓe cikin gaggawa ran 8 ga Fabrairu, domin Jamusawa sun ce sai da zaɓaɓɓiyar majalisa za su ƙulla sulhu. Wakilai fiye da 600 suka hallara a Bordo, babu kuwa zauren da zai ɗauke su sai gidan wasa. Nan suka zauna a kujerun 'yan kallo.

A wannan zaure ne aka naɗa Adolphe Thiers shugaban gwamnati ran 17 ga Fabrairu. A nan ne kuma, ran 1 ga Maris, aka kawo sharuɗɗan sulhu: Faransa za ta sallama lardin Alsace da wani sashe na Lorraine, ta kuma biya diyyar faran biliyan 5. Wakilai 546 suka amince, 107 suka ƙi. Wakilan lardunan da aka sallama suka karanta takardar ƙin amincewa, suka fice daga zauren, domin ƙasar da suke wakilta ta zama ta wasu. A ranar nan ce magajin garin Strasbourg, Émile Küss, wanda ya zo Bordo a matsayin wakili, ya rasu. Mako guda bayan haka, ran 8 ga Maris, marubucin nan Victor Hugo ya tashi yana kare Garibaldi, jarumin Italiya da ya zo ya taya Faransa yaƙi, aka yi ta yi masa ihu aka hana shi ƙarasawa, nan take ya ajiye kujerarsa. Daga nan majalisar ta tashi ta koma Versailles.

Duk wasannin ban tausayi da aka taɓa yi a gidan nan, babu wanda ya kai wannan, don wannan ba kwaikwayo ba ne. Ciwon rasa Alsace da Lorraine ya zauna a zuciyar Faransawa har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sau biyu kuma bayan haka, a 1914 da 1940, gwamnatin Faransa ta sake gudowa Bordo sa'ad da sojan Jamus suka doso Paris.

Gyara da tuna baya

Gini in ba a kula da shi ba kango ne. Hayaƙin fitilu ya lalata zanen Robin tun da wuri, a ƙarni na 19 kuma aka sauya wa zauren launi zuwa ja da ruwan zinariya bisa yayin lokacin. A 1899 gwamnati ta sa gidan cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. A 1917 wani mai zane, François Roganeau, ya sake zana silin ɗin bisa tsarin na asali, bai cire bayin ba. Tsakanin 1990 da 1991 aka yi babban gyara, aka mayar wa zauren shuɗinsa da farinsa na farko. Yanzu yana ɗaukar mutum wajen 1,100. A 2007 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Bordo cikin wuraren tarihi na duniya.

Gyaran bango ya fi gyaran tarihi sauƙi. Shekaru masu yawa mutane na shiga suna zama a ƙarƙashin zanen nan, ba mai ɗaga kai ya yi tambaya. Sai a 1995 wani masanin tarihi, Éric Saugera, ya fitar da littafi a kan rawar da Bordo ta taka a cinikin bayi, 'yan asalin Afirka da Karibiyan mazauna garin su ma suka matsa lamba. A 2001 majalisar Faransa ta zartar da dokar da ake kira da sunan Christiane Taubira, wadda ta ayyana cinikin bayi da bauta a matsayin laifi ga bil Adama. A 2009 gidan tarihi na Musée d'Aquitaine da ke Bordo ya buɗe ɗakuna na musamman a kan wannan babi. A 2019 kuma aka kafa mutum-mutumin wata mata a bakin kogi, Modeste Testas, wadda wasu 'yan kasuwar Bordo suka saya tana yarinya a daidai shekarun da ake kammala gidan wasan, aka kai ta Saint-Domingue. Ta rayu har 1870, jikanta François Légitime kuma ya zama shugaban ƙasar Haiti a 1888.

To jama'a, wannan shi ne tarihin babban gidan wasan Bordo a taƙaice. Gwamnan da ya matsa a gina shi ya tafi, attajiran da suka hau matakalarsa sun tafi, sansanin sojan da ya ba shi fili ma an rushe shi tun 1818. Ginin ya rage, da kyansa da kuma shaidar da ke bisa kansa. Mutanen Bordo ba su rushe shi don kunya ba, ba su kuma shafe zanen ba, sun dai koyi faɗin abin da ke ciki, ko da yake sun makara. Duk wanda hanya ta kai shi can wata rana, in ya gama kallon ginshiƙai da matakala, ya daure ya ɗaga kai ya dubi silin, ya tuna da mutanen da aka rubuta Aoussa a gaban sunansu, waɗanda ba su sake ganin gida ba.